Ra'ayinmu: Fadama Ba Juji Ba Ce



Wanda ya bi bakin kogi a Gusau da rani zai ga lambuna kore shar, albasa da tumatir da alayyafo, balbela na bin shanu, yara na kamun kifi a sauran ruwan da ya kwanta. In ya ƙara 'yan taku kaɗan kuma sai ya tarar da tulin leda da robar ruwa, ga harsashin gini an ɗora a inda bara ruwa ya kai ƙugu. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana kafin damina ta faɗi.

Kogin nan da muke kira na Gusau shi ne Kogin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau da ƙasar Bungudu, ya zuba a madatsar Bakolori kafin ya wuce gaba. Fadamar da ke gefensa tana da aikin da Allah ya ba ta. In ruwa ya yi yawa, ita ce ke karɓarsa ta shanye a hankali, ta ciyar da rijiyoyinmu har cikin bazara. In aka cike ta da shara da bulo, ruwan ba ya ɓacewa. Wani wuri zai nema, kuma galibi ɗakin talaka ne.

Ba labari muke ba ku ba. A ƙarshen watan Satumba na 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta share gonaki, garin ya shiga wahalar ruwan sha. Da yawa cikin dattawanmu sun ga wannan da idonsu. A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri. Gyaran madatsa aikin gwamnati ne, kuma muna kira gare ta ta kula. Amma magudanar da ke bayan gidanka, wa ya toshe ta?

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun san wuyar samun fili, ko na gida ko na ɗakin sujada, ba sai an tuna mana ba. Mun kuma san iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, sun shigo Gusau ba su da zaɓin wurin zama. Saboda haka in dillali ya zo da fili mai sauƙin kuɗi a gangare, zuciya takan kwanta da shi. To, araha ba ta ado. Kuɗin da mata suka tara daga baiko da sayar da ƙosai, da gudummawar da ma'aikaci ya cire daga ɗan albashinsa, bai dace a binne su a hanyar ruwa ba. Muna roƙon kowace majalisar dattawa: kafin ku biya kuɗin fili, ku je ku gan shi a watan Agusta, ku tambayi tsofaffin unguwa da masu lambu inda ruwa yake tsayawa, ku kuma ga takardar hukumar filaye da idonku. Wanda ya ce sai dai ku biya yau-yau, ku bar masa abinsa.

Sai maganar ƙungiyoyin unguwa. A wurare da dama matasa sukan fito aikin gayya su yashe kwalbati kafin ruwan farko. Masu noman rani ma suna da ƙungiyoyinsu, waɗanda shirin Fadama na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya ya ƙarfafa tun shekarun 1990. Sau nawa ake ganin fuskokinmu a irin waɗannan taruka? Wasunmu sukan ce ba a gayyace mu ba. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa sanarwa takan zo, sai mu ce muna da taron Zumuntar Mata ko koyon waƙa. Sauro da kwalara ba sa tambayar sunan mai gida. Kuma maƙwabcin da kuka riƙe shebur tare da shi a cikin kwata, shi ne zai fara ƙwanƙwasa maka ƙofa ranar da wani abu ya taso.

Akwai kuma masu cewa ai mu baƙi ne, tarihin nan ba namu ba ne. Ba mu yarda ba. Wasu cikinmu Hausawa ne 'yan asalin wannan ƙasa. Wasu kuma kakanninsu sun zo ne bayan layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1920, lokacin cinikin gyaɗa da auduga, an haifi iyayensu a Sabon Gari, a nan kuma aka binne su. Yaron da ya tashi a Bungudu bai san cewa mutanen Kwatarkwashi sun taɓa zama a kan dutsensu ba, ko na Tsafe da bai taɓa jin cewa 'Yandoto tsohon garin malamai ba ne tun kafin a kafa Gusau, an rage masa gado. Yanzu hanya ba ta da tabbas, ba mu ce a kwashi yara a tafi yawon dutse ba. Amma malamin makarantar Lahadi zai iya gayyato tsoho ɗaya ya ba su labarin yadda bakin kogin yake a da, da irin kifin da ake kamawa, da itatuwan da aka sare.

Abin da muke nema a wannan shekara kaɗan ne. Kowace ikkilisiya ta aiki dattijo biyu wurin mai unguwa su tambayi ranar aikin gayya, su ce da mu za a yi. In babu rana, su roƙa a sa. Matasa su zo da shebur da baro, mata su taimaka da kunu. Ledar ruwan da muke sha bayan sujada kuma a tara ta a buhu, a daina watsa ta a lambatun da ke bayan katanga.