Wanda aka ci bashi da sunansa: haƙƙinsa a kan jama'ar masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, a da mai neman bashi da ƙafarsa yake zuwa, ya zauna gaban mai kuɗi, a kira mutum biyu su shaida. Yau fotokofin katin ɗan ƙasa da lambar waya suna iya tsayawa a madadin mutum. Mu nan Dumega, kamar sauran garuruwan Arewa, katunanmu suna yawan fita daga hannunmu: wajen rajistar layin waya, wajen karɓar kuɗin da ɗa ya aiko daga cin rani, wajen rubuta sunaye don tallafin abinci ko taki. Idan kati ya faɗa hannun marar tsoron Allah, yana iya saka sunan mai shi cikin ƙungiyar masu neman rance a asusu, ko ya buɗe layi da shi ya ci bashi. Mai katin ba zai sani ba sai ranar da masu karɓar bashi suka yi sallama a ƙofar gidansa.

Shin wajibi ne ya biya? A'a. Bashi yana kan wuyan wanda ya karɓi kuɗin, kuma tilasta wa waninsa biya zalunci ne, ko da sunansa na kan takarda.

Mu duba aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Ta yi umurni a rubuta bashi, a kafa shaidu, kuma ta ɗora shiftar abin da za a rubuta a kan wanda ake bi. Hikimar a fili take: takarda tana zama hujja ne saboda mai cin bashin ya halarta, ya furta da bakinsa. Takardar da aka cika a bayan idon mutum ba ta cika wannan sharaɗi ba. Malamai kuma sun kafa ƙa'ida cewa kowane mutum wuyansa a sake yake har sai an tabbatar da haƙƙi a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta buɗe babin hukunci da shaida da cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Fotokofin kati yana nuna cewa akwai mutum mai wannan suna. Bai nuna cewa kuɗi sun shiga hannunsa ba.

Haka batun lamuni yake. Mai lamuni yana biya idan wanda ya tsaya wa ya kasa, amma sai in da yardarsa ya tsaya. Masu amfani da layin Najeriya a wannan yanki na bakin iyaka sun san saƙon da kan shigo cewa wane ya ci bashi ta manhajar waya kuma ya ba da lambarka. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da irin wannan rance a Legas saboda tozarta mutane da suke yi ta hanyar aika saƙo ga danginsu da abokansu. Wanda aka rubuta lambarsa ba da saninsa ba, babu ko dala a kansa.

Wani zai ce: ai mai kuɗin ma an cuce shi. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsa bai faɗi ba. Sai dai haƙƙin yana kan ɓarawon suna, shi zai bi. A Suratu Yusuf, da ƴan'uwan suka nemi a riƙe ɗayansu a madadin ƙanensu, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ƙi, ya nuna cewa kama wanda ba a sami kaya a wurinsa ba zalunci ne. Wani kuma zai ce: to, kowane mai taurin bashi sai ya ce an saci sunansa. Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. A duba sa hannu ko dangwalen yatsa, a tambayi wanda ya miƙa kuɗin, a ga lambar da aka tura su. In babu hujja sai rantsuwa, wadda a mazhabar Malikiyya ake yin ta a masallacin Juma'a idan dukiyar ta kai rubu'in dinari. Wanda kuwa ya ba abokinsa katinsa da gangan don a ci bashi da sunansa, har ya sa hannu, wannan ya ɗaure kansa, kada ya fake da wannan magana.

Inda muka fi yin kuskure shi ne wajen sulhu. Ana bin bawan Allah jika ɗari da bai ci ba, sai dattawa su ce ya ba da jika hamsin a zauna lafiya. Ya sayar da geron da ya tanada don damina, ko matarsa ta rabu da akuyarta, saboda kunyar a kai shi gaban jandarmomi. Sulhun da ya halatta haram ba ya inganta. Aya ta 112 a Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya aikata laifi sannan ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba, mu kuma kada mu zama masu taya shi ɗora kayan. Abin ya fi muni idan mai sunan ya rasu, aka zo wa magada da takarda. Tsoron kada bashi ya tsare mamaci yakan sa a biya nan take daga rabon marayu, alhali malaman Malikiyya sun ce mai bin mamaci bashi, bayan ya kawo hujja, sai ya ƙara da rantsuwa kafin a ba shi.

Saboda haka ga abin da ya hau kanmu.

Na farko, wanda ya san gaskiya ya faɗe ta. In ka san cewa ranar da aka ce wane ya karɓi kuɗi yana Legas ko Kwatano, ka tashi ka shaida. Aya ta 283 a Baƙara ta hana ɓoye shaida.

Na biyu, liman da maigari kada su bari a ƙwace hatsi ko dabba, ko a tozarta mutum a kasuwa, kafin a ga hujja.

Na uku, a raka wanda aka cuta ya kai ƙara wurin jandarmomi, in ta kama har kotu a Dogondutsi, ya karɓi takardar shaidar ƙararsa, ya kai kwafinta ga masu bin bashin. Masu ilimin boko su taimaka da rubutu. Nijar tana da dokar kare bayanan sirrin jama'a tun 2017, da hukuma mai kula da ita, HAPDP, da kuma dokar 2019 kan laifukan intanet. Tun 2016 akwai ofishin da ke tattara bayanan masu cin bashi a ƙasashe takwas na UEMOA, ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO. Sunan da ya shiga can a matsayin wanda bai biya ba yana iya hana mai shi rance gobe, kuma doka ta ba shi damar neman a gyara.

Na huɗu, kati amana ne. Wanda aka ba wa katunan mutane don wani aiki ya mayar da su da zarar an gama. Tsofaffi da mata waɗanda ba su karatu kada su dangwala yatsa sai wani amintacce ya karanta musu.

Wanda kuma ya san ya taɓa cin bashi da sunan wani, tubarsa ba ta cika sai ya biya kuɗin, ya wanke sunan ɗan'uwansa a gaban waɗanda aka ɓata shi.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa mu cika da imani.