Mu Gyara Turancinmu: "Too" Ba "Very" Ba Ce

A wannan wata za mu duba kalmar "too", wadda mu 'yan zango muke yawan sa ta a gurbin "very".

"Very" na nufin ƙwarai. "Too" kuwa na nufin abu ya wuce kima. Idan koko "very hot" ne, yana da zafi ƙwarai, amma ana iya kurɓa. Idan "too hot" ne, ba ya shawuwa sai ya huce.

Kuskuren daga Turancin kasuwa muka kwaso shi, inda "too much" yabo ne. A Nima ko Aboabo kowa zai gane nufinmu. Amma mai duba jarrabawar BECE sokewa zai yi, yaro ya yi asarar maki. Haka ma in muka yaba wa tela da cewa riga ta yi "too long", almakashi zai ɗauko ya rage ta.

Ga ma'auni: inda Hausa za ta ce "ya yi yawa", mu sa "too". Inda za ta ce "ƙwarai", mu sa "very". Iyaye, mu riƙa duba rubutun yaranmu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.