Yaro da Tsohuwar Akori-kura

Takarda ta zo mana daga wani malamin makaranta a Argungu. Ya roƙi kada a buga sunansa, mun kuwa yarda. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa, shawara nake nema. Wana ya rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, namiji ɗaya da mata biyu, riƙonsu yana hannuna. Cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar akori-kura, Fijo 404, wadda ya daɗe yana jigilar shinkafa da ita tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Tun ran da ya kwanta ciwo ba ta sake motsawa ba. Shekaru ke nan tana bayan gida bisa duwatsu, kaji sun mai da ita akurki. Yanzu 'yan gwangwan sun taya, ni kuwa ina bukatar kuɗin don kayan ɗakin babbar yarinyar. Amma yaron, shekararsa 16, ya ce shi sai ya tashe ta. Kullum aka taso daga makaranta yana ƙarƙashinta. Ya sami wani littafi ya zana ta a ciki, har da launin fentin da zai yi mata. Da na yi masa zancen sayarwa sai ya ce, 'Baba, in ka sayar da ita, me ya rage mini na mahaifina?' Kwana biyu bai ci tuwo ba. Yaya zan yi?"

To, Malam, mun ji. Kafin mu taɓa zancen ƙarfe, bari mu fara da abin da ya fi shi nauyi. Motar nan ba taka ba ce, ba kuwa ta yaron shi kaɗai ba ce. Gado ce, matar marigayi tana da rabo a ciki, 'yan matan nan ma haka. Saboda haka ba ka da ikon sayar da ita don bukatar mutum ɗaya, shi ma ba shi da ikon riƙe ta don begen ubansa. Abin da ya kamata shi ne a kira wanda ya san farashin irin waɗannan motoci, mutum biyu ko uku, su yi mata kuɗi a gaban shaidu, sa'an nan a je ga alƙali ko malamin da ya san rabon gado. In an ga za ta iya shiga rabon yaron, sai a lissafa masa ita, a ba sauran nasu daga abin da ya rage. In ta fi rabonsa, a rubuta bambancin bashi ne a kansa. Kayan ɗaki kuwa, ai kayan ɗaki ba su taɓa hana aure ba sai inda aka so su hana.

Sai mu dawo ga motar. Masu karatu da suka manyanta sun san ta sarai. A shekarar 1960 aka fara ƙera Fijo 404 a Faransa, kuma tun da kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai ta zama ita da ƙanwarta 504 su ne jakunan ƙasar nan. Babu kasuwar da ba su ci ba. Albasar Aliero, kifin Yauri, shinkafar fadamar gulbin Rima, duk a bayansu suka yi yawo. Bisa ƙa'ida kayanta ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, amma wanda ya taɓa tsayawa a tashar Jega ran kasuwa ya san direbobinmu ba su taɓa jin wannan ƙa'ida ba. A loda buhuna har su fi kan motar tsawo, mutum biyar su hau bisa, ta ɗaga hanci sama kamar mai roƙon ruwa, ta tafi.

Dalilin da ya sa na ce kada a yi wa yaron nan dariya shi ne, ya zaɓi motar da ta dace da mai koyo. Injinta silinda huɗu ne, kafireto ke ba shi mai, babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya. Abin da ya lalace ido yana ganinsa, hannu yana kai masa. Motocin yanzu kuwa sai an jona musu na'ura kafin su faɗi ciwonsu. Yaron da ya kwance injin 404 ya mayar da hannunsa, ya san abin da fistin yake yi da abin da kuloci yake yi, ya sami tushen da zai hau kowace mota da shi daga baya.

Amma fa a gaya masa gaskiya, don so ba ya tayar da inji. Fentin da ya zana a littafi shi ne aikin ƙarshe. Na farko takardu ne: a nemo su a ga lambar inji da ta shasi sun yi daidai da abin da ke rubuce, don motar da ba ta da takarda ko ta tashi ba ta wuce shingen farko. Na biyu a shiga ƙarƙashi da guduma a bubbuga shasin. In ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta same ta a inda take, to, mai yiwuwa tsatsa ta riga ta ci ƙashin bayanta. Bodi ana yi masa walda, gilashi ana sayensa, amma in shasi ya ruɓe sai a haƙura, gyaran ya zama zuba ruwa a rariya. In shasin yana da lafiya, sai a cire fulogi, a ɗiga baƙin mai cikin ramukan, a bar shi ya kwana biyu, a sa sifana a gwada juya injin da hannu. In ya juya, akwai rai. In ya ƙi, to, zoben fistin sun kama, sai an sauke shi ƙasa. Bayan haka lagireto, da tankin mai da ya daɗe da tsohon fetur a ciki, da birki. Birki dai, Malam, kada ka bari a yi masa ƙwauro. Na taɓa shiga wata irinta a hanyar Kalgo, direban yana taka birki sau uku kafin ya kama, yaron motarsa yana riƙe da katakon weji a cinya. Ban sake ba.

Kayan gyaranta sun yi wuya yanzu, tun da an daɗe da daina ƙera ta. Abin da ba a samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, galibi kuwa na hannu ne da aka ciro daga wata gawar. Ga kuma fetur. Tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023, kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa, tsohon kafireto kuwa ba ya sha da tausayi. Babur mai ƙafa uku yana ɗaukar ƙaramin kaya da ɗan mai kaɗan, shi ne kishiyarta a yau. Duk da haka aiki bai ƙare ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu a 2017, shanshera tana fita daga fadama rani da damina, kuma babbar mota ba ta shiga kowace hanyar ƙauye. Akori-kura mai lafiya ba za ta rasa lodi ba.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne a bar makaranta saboda ita. Doka ba ta ba da lasin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18, watau yaron yana da shekara biyu a gabansa da ko motar ta tashi ba shi zai ja ta ba. To, gaggawar me ake yi? Ka kai shi wurin wani bakanike dattijo, cikin waɗanda suka yi zamani da Fijo, ya riƙa zuwa da la'asar da ranakun hutu. Ɗan abin da ya samu na wankin kayan inji ya riƙa sayen ƙarfe ɗaya ɗaya. Ka yi masa sharaɗi a gaban mahaifiyarsa: ran da sakamakon jarrabawa ya faɗi, ran nan za a kulle akwatin sifanu. In ya gama sakandare hannunsa yana nan a kan wannan sana'a, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta fi sa'a ɗaya ba daga gida.

'Yan gwangwan kuwa ka ce su dakata. Da nauyi suke saye, nauyin ƙarfe kuwa ba ya gudu. Abin da za su biya bana, kusan shi za su biya baɗi. Ka ba yaron wata uku a duba takardu da shasi da inji, sa'an nan ka sake rubuto mana abin da bakaniken ya gani. A kori kajin nan tukuna.