Wayar Ofis Ta Jama'a Ce: Shawara Ga Ƙaramar Hukumar Keffi

Masu iya magana sun ce tambaya rabin ilimi. To amma a ƙasar nan tambaya ta zama abin tsada ga talaka, musamman idan amsarta tana cikin sakatariyar ƙaramar hukuma. Mutumin unguwar Sabon Gari a Keffi, ta Jihar Nasarawa, idan yana son ya san ko takardar shaidar asalin ɗansa ta fito, ko nawa ne kuɗin rumfar kasuwa, abin da aka saba shi ne ya rufe sana'arsa, ya hau acaɓa, ya je ya zauna bisa benci. Wani lokaci a ce masa akawun ya fita, ya dawo gobe. Tambayar da waya za ta gama cikin minti biyu sai ta cinye masa yini guda.

Dattawa za su tuna cewa a da kowane babban ofis yana da wayar tarho tasa, da lambarta, da mai haɗa waya. Ma'aikatar Gidan Waya ce ke kula da layukan, kafin a kafa kamfanin NITEL a 1985. Sai dai kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar ne wayar salula ta fara aiki, jama'a suka rungume ta hannu biyu, layukan NITEL kuwa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka sayar da kadarorin kamfanin a 2015.

Tun daga nan ofisoshin hukuma da yawa suka koma dogara ga wayar aljihun ma'aikaci. Wannan kuwa yana da illa babba. Lambar ta mutum ce, ba ta ofis ba. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, lambar ta bi shi. Wanda ya san shi ya same shi, wanda bai san shi ba sai haƙuri. Ta haka ne aikin hukuma yake komawa aikin sanayya.

Maganin da ƙasashe da dama suka kama shi ne wayar da ke bi ta intanet. Yadda take aiki ba wani abin sihiri ba ne. Na'ura tana mai da muryar mai magana ƙananan ƙunshin lambobi, ta aika da su ta hanyar da saƙonnin kwamfuta suke bi, a can ɗaya gefen a sake mai da su murya. Kira guda ba ya cin fiye da kimanin kilobit 100 a daƙiƙa, watau layin intanet matsakaici zai ɗauki kira da yawa a lokaci ɗaya. Ko a Ingila, inda tsohon layin tagulla ya daɗe yana aiki, kamfanin BT ya tsayar da watan Janairu na 2027 don rufe tsohon tsarin, a koma wannan.

Amfaninsa ga ƙaramar hukuma a fili yake. Za a sami lamba ɗaya ta ofis, wadda ba ta bin kowa gida. Daga gare ta a rarraba kira zuwa ga ma'aji, da sashen lafiya, da na ayyuka, da na gona, da na ilimi, kowa da ƙaramar lambarsa. Kiran da ma'aikata ke yi tsakaninsu ba shi da wani kuɗi bayan na intanet. Ana iya jawo asibitin unguwa cikin tsarin, ya zama ma'aikaciyar jinya a Sabon Gari ta sami shugaban sashenta kamar suna gini ɗaya. Na'urar kuma tana ajiye lissafin kiran da ya shigo, da wanda aka amsa, da wanda aka ƙyale yana ta ƙara. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne, mai kira daga waje ba ya bukatar intanet. 'Yar ƙaramar wayarsa ta isa, muddin hukumar ta karɓi lambarta daga kamfanin da ke da lasin na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa.

Amma fa a yi hattara, gama ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsohuwar wayar tarho tana samun wutarta ne daga gidan waya, saboda haka ko an ɗauke lantarki tana aiki. Wannan sabuwa kuwa da zarar wuta ta tafi, ta yi shiru. Duk majalisar da ta sayi na'urori ba ta tanadi batura da farantan hasken rana ba, ta sayi kayan ado ne kawai.

Na biyu, layin intanet ɗaya bai isa ba. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na ofisoshi suka tsaya cik a wurare da yawa. A kan tudu ma masu aikin hanya sukan tsinke waya. Wajibi ne a sami layi na biyu daga wani kamfani dabam, a kuma shirya tsarin yadda idan intanet ya katse kira zai juya zuwa wayar salula ta ofis.

Na uku shi ne mutane. A koya wa ma'aikatan hukumar kansu gyara da kulawa, kada kome ya rataya a wuyan ɗan kwangila. A sa lambobin sirri masu ƙarfi, domin akwai ɓarayin da ke kutsawa cikin irin waɗannan na'urori su yi ta kiran ƙasashen waje, a bar hukuma da bashi. Kuɗin intanet kuwa a rubuta shi cikin kasafin kowace shekara, ba na ranar bikin buɗewa kaɗai ba.

Lokaci ya dace da wannan aiki. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. A shekarar ce kuma Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta bayyana shirin haɗa sakatariyoyinsu duka da intanet. Keffi tana da abin da wasu ba su da shi: tana kusa da Abuja, tana da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke yaye matasa masu ilimin kwamfuta, tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Garin da ya karɓi Kwalejin Gwamnati bai kamata ya zama na baya a wannan fage ba.

Sai dai a tuna, na'ura ba ta amsa sallama. Idan an kafa ta, a rubuta lambar a ƙofar sakatariya, da kasuwa, da tasha, da gidajen masu unguwanni, a kuma zaunar da wanda zai ɗauka da ladabi, ya ba da amsa da Hausa ko Turanci ko harshen da mai kira ya fi ji. Ranar da mai shago a Sabon Gari ya buga waya ya sami biyan bukata bai rufe shagonsa ba, ranar ce za a ce kuɗin jama'a ya yi amfani.

Allah Ya sa a dace.