Sikelin lantarki ma yana buƙatar mai duba shi

A kakar bara na raka ƙanena kasuwa nan Sassumbrum sayar da riɗi. Mai sayen ya zo da sikelin lantarki, irin mai nuna lamba a gilashi. Da tiya ce, da an yi ta gardama kan tozo da lotsattsen gindi. Amma da lamba ta fito, kowa ya yi shiru. Ni kuwa na ɗora buhu ɗaya sau biyu, ya ba ni nauyi biyu dabam. Mutumin bai yi niyyar cuta ba, batirinsa ne ya yi sanyi, kuma ƙasan wurin ba a daidaice yake ba. Abin da ya dame ni shi ne, cikin matasan da ke tsaye har da waɗanda na koyar a CM2, babu wanda ya yi tunanin gwadawa.

A manyan masana'antu an daɗe da miƙa wa na'ura aikin awo. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana, ba za a iya tafiyar da irinta da ma'aikaci mai zagaye da takarda kaɗai ba. Na'urori ne ke auna zafi da matsin bututu dare da rana, su aika wa kwamfuta. Ban ga laifin wannan ba. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta kuma jin kunyar maigida.

Sai dai kowane ma'auni yana kaucewa da tsufa, da ƙura, da zafi irin namu. Dole a riƙa kwatanta shi da wani da aka tabbatar, shi ma wancan da na sama da shi. Har kilo kansa, daga 1889 zuwa 2019 wani dunƙulen ƙarfe ne da aka adana kusa da Paris ake dogaro da shi. Matsalar ita ce, aikin gwaji da hannu nan ne sabon ma'aikaci yake koyon gane lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba. In na'ura ta ɗauke wannan matakin, ina zai koya?

Ina ganin nauyin ya dawo kanmu, malamai da iyaye. Yaranmu sun haddace jadawalin kilomita, hektomita, dekamita, amma da yawansu ba su taɓa auna tsawon ajinsu ba. Ba sai an jira kaya daga Yamai ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sai ɗan nauyin gora. A bana na sa kowane rukuni ya auna tiyar gero sau biyar, su rubuta, su faɗi dalilin da ya sa lambobin suka saɓa. Wata yarinya ta ce hannun mai zubawa ne. Ranar kasuwa mai zuwa za mu tafi da gorar ruwanmu, in masu sikeli sun yarda.