Baƙo Raɓa Ne: Musayar Ilimi da Abin da Ya Rage a Yelu

A watan Yuli na 1989 shugaban Amurka George Bush babba ya tsaya a wata jami'a a birnin Budafes ya sanar cewa 'yan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps za su shiga ƙasar Hangari domin koyar da Ingilishi. Sun isa a 1990, suka tattara nasu-ya-nasu a 1997. Nijar kuwa tun 1962 ta karɓi 'yan wannan ƙungiya, ba su fita ba sai a Janairun 2011, bayan sace wasu samari biyu Faransawa a Yamai. Shekara bakwai can, shekara arba'in da tara nan. Amma har gobe malamai da ɗalibai suna kai da kawowa tsakanin Amurka da Hangari, alhali a wajenmu hulɗar ta yi sanyi ƙwarai tun ranar da baƙin suka hau jirgi. Wannan bambanci ya kamata ya dami ɗalibin kimiyyar harshe, domin babu fagen da ya ci moriyar waccan hulɗa kamar namu.

A fara da ba kowa haƙƙinsa. Paul Newman ɗan sa-kai ne a Maiduguri a farkon shekarun 1960, daga baya ya zama daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, kuma babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000 ba ya rabuwa da teburin mai rubuta kundin digiri. Russell Schuh ya yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar daga 1965 zuwa 1967, a can ya kamu da son harsunan Cadi. John Hutchison ma ta wannan ƙofa ya shigo, Jami'ar Boston da ya koyar a cikinta kuma ta daɗe tana turo ɗalibanta Yamai su koyi Hausa da Zabarmanci. A wancan lokaci a Hamdallaye ake horar da sababbin 'yan sa-kai, sannan a rarraba su ƙauyuka su zauna shekara biyu suna magana da harshen mutanen gari. Duk wanda ya ce wannan bai amfane mu ba, bai yi adalci ba.

Sai dai tsarin gaba ɗayansa a hannun baƙo yake. Shi ke da kuɗin, shi ke zaɓen ranar zuwa, shi ke zaɓen ranar tafiya. Da ofishinsa ya ce a fita, shirin Boston ma ya tsaya a shekarar nan ta 2011, ba mu da wata igiya da za mu riƙe.

'Yan Hangari ba su yarda a yi musu haka ba. Masu magana da harshensu ba su wuce miliyan 13 ba, adadin da bai kama ƙafar masu jin Hausa ba, kuma harshen ba ɗan dangin Ingilishi ko Jamusanci ba ne balle ya shiga inuwarsu. Duk da haka, tun a ƙarshen shekarun 1970, suna tsakiyar mulkin gurguzu, babbar cibiyar masanansu ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Indiyana aka kafa kujerar nazarin Hangari, malamai daga gida suna zuwa suna riƙe ta bi da bi. A 1992 hukumar Fulbright ta haɗin gwiwa ta fara aiki a Budafes, gwamnatocin biyu suna zuba mata kuɗi, kowane ɓangare yana da wakilai a majalisarta. A 2013 kuma suka buɗe nasu tallafin karatu, Stipendium Hungaricum, wanda 'yan Nijeriya ma suke samu. (Abin mamaki, a wannan jami'a ta Indiyana Newman ya yi shekaru yana koyarwa. Harsunan biyu sun zauna a haraba ɗaya, ɗaya da goyon bayan masu shi, ɗaya bisa ƙwazon masoyinsa.) Wanda ya zuba nasa a cikin tukunya shi ke da bakin cewa kada a sauke ta.

Na san amsar da za a ba ni: Hangari ƙasar Turai ce, mu kuwa albashin malamai ma sai an yi jira. Gaskiya ne, kuma ba ina cewa gobe mu kafa kujera a Amurka ba. Abin da nake cewa shi ne akwai musayar da ba ta fi ƙarfin aljihunmu ba, mun bar ta tana kwance saboda mun saba ɗaukar cewa musayar ilimi sai an haɗa da fasfo da jirgin sama.

A duba Yelu. Gari ne a gundumar Gaya ta jihar Doso (Gayar Nijar nake nufi, ba ta Kano ba), a kwarin Dallol Mawri, daf da iyakar jihar Kabi. Daga Gaya ana tsallaka Kwara a shiga Malanbil ta ƙasar Binin, ta gabas kuma ga kasuwar Kamba. A wannan ɗan yanki ana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, yara suna karatun boko da Faransanci a gefe guda, da Ingilishi a ɗaya gefen. Hausar yankin irin ta yamma ce, inda ake jin na da ta a gurbin ne da ce, da hw a gurbin f. Mai nazarin karin harshe da mai nazarin walwalar harshe ba za su rasa abin yi a nan ba: yadda aron Faransanci da na Ingilishi suke karo a bakin ɗan kasuwa ɗaya kaɗai ya isa kundi.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Yelu tsohuwar cibiyar Kyangawa ce, waɗanda Faransawa suka rubuta Tchanga. Harshensu na asali daga dangin Mande yake, ɗan'uwan Busanci da Shanganci, ba shi da dangantakar jini da Hausa ko Dandanci. Yau galibin Kyangawa Hausa ko Dandanci suke yi, harshen ya rage a bakin 'yan tsiraru a wasu ƙauyuka na wajen Illo da kewaye. Mafi yawan abin da aka rubuta a kansa a zamanin nan aikin wani baƙo ne, Ross Jones. Ga jami'ar Doso da aka kafa a 2014, ga ta Tarayya a Birnin Kabi, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da cibiyarta ta nazarin Hausa, ga sashen harsuna na Abdu Mumuni a Yamai. Duk tafiyar yini ɗaya ce a mota. Me ya hana sassa biyu su yi yarjejeniya mai shafi ɗaya, ɗalibi mai Faransanci da mai Ingilishi su fita tare da wayar ɗaukar murya, su tattara sunayen wurare da na tsirrai da kirarin gidaje da kalmomin da suka saura a bakin tsofaffi? Hausa ce za ta haɗa su, ba sa bukatar tafinta. Matsalar tsaro da rufe iyakoki tun bayan Yulin 2023 ba abin rainawa ba ne, amma dangi da 'yan kasuwa ba su daina ziyartar juna ba, kuma ana iya somawa da musayar kundaye da lacca ta intanet kafin hanya ta yi kyau.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu kafin mu ɗauki jaka. A Yelu mu ne masu babban harshe. Hausar da muke alfahari da yaɗuwarta, wadda Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025, tana cikin harsunan da suka maye gurbin Kyanganci. Ɗalibin da ya je ya naɗi muryar tsohuwa, ya dawo ya sami digiri, ya ajiye kundin a ɗakin karatun da jikokinta ba za su taɓa shiga ba, ya maimaita ainihin abin da muke kuka da shi. Schuh ya nuna wata hanya a Yobe: tare da Alhaji Maina Gimba da masu harsunan suka haɗa ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Badanci da Karekare, sunayen 'yan gida suna kan bango a matsayin marubuta, aka kuma buga su a Potiskum inda masu su za su same su.

Wannan shi ne ma'aunin da nake roƙon sashenmu ya ɗauka. Duk binciken da aka yi a Yelu a mayar da kwafinsa makarantar garin da fadar sarki da gidan rediyon yankin, a rubuta taƙaitawarsa da Hausa, malamin firamaren da ya yi jagora a sa sunansa, a kuma gayyato shi ya zo ya yi wa ajinmu bayani. Kuɗin motarsa ƙungiyar ɗalibai ma tana iya biya.