Buhun Agaji Da Ɓarawon Da Ba Ya Haura Katanga

Duk wadda ta taɓa ganin layin rabon abincin agaji, ko a Barno ne ko a Yobe, ta san mata ne suka fi yawa a cikinsa, ga goyo a baya ga kati a hannu. Da can malami ne ke zaune da littafi yana kiran suna. Yanzu kuwa a wurare da yawa sai mace ta ɗora yatsa a kan na'ura, in kwamfuta ta shaida ta a auna mata, in ba ta shaida ta ba ta juya hannu wayam. To, wannan kwamfuta nake so mu duba yau, domin akwai ɓarawon da ke shiga cikinta ta hanyar intanet. Ba ya haura katanga, ba ya tare mota a daji. Masu kutse ake ce musu.

Mu fara daga inda buhun yake tasowa. Wani hatsin agajin a jirgin ruwa yake zuwa. Cikin watan Yuni na 2017 aka saki wata muguwar ƙwayar cutar kwamfuta a ƙasar Yukiren, ta bazu duniya, ta faɗa wa Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Denmak. Tashoshinsa 17 suka tsaya cik, manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofa, ba a san abin da ke cikin wane akwati ba. Sai da aka sake gyara kwamfuta 45,000. Abin mamaki, abin da ya ceci kamfanin wata na'ura ce a ofishinsa na Gana, wadda cutar ba ta same ta ba don an ɗauke wuta a lokacin! Ta Nijeriya aka bi da bayanan cikinta zuwa Ingila. Kwana goma aka yi ana wannan fama. Ɗan kasuwa ya iya jiran kwana goma, amma ku tambayi uwar da ɗanta ke kwance da tamowa ko ita za ta iya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙungiyar Red Cross mai hedkwata a Suwizalan. Cikin Janairu na 2022 ta sanar cewa an shiga na'urorinta da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da 515,000, watau waɗanda yaƙi ko bala'i ya raba da danginsu, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda ke tsare. Tun Nuwamba na 2021 ɓarayin suke ciki, kusan kwana 70 ba wanda ya sani. Ta wata kafa suka shiga wadda an riga an fitar da abin toshe ta, ƙungiyar ba ta toshe da wuri ba, kuma ita da kanta ta amsa haka. Tilas aka rufe na'urorin sada dangi na wani lokaci, aikin da a lissafinsu yake haɗa mutum 12 da 'yan'uwansu kowace rana. Kada wata ta ce wannan zancen Turai ne. A wannan shekara ta 2022 ƙungiyar ta ce tana da sunan mutum fiye da 25,000 da ake nema a Nijeriya kaɗai, kuma fiye da rabinsu yara ne.

Ni malama ce, na san darajar rajista. In na tashi daga aji sai na kulle tawa a kabad, alhali sunan yaro da na ubansa kawai ke ciki. To ina ga rajistar da ke da sunan mace, da hotonta, da zanen yatsunta, da ƙauyen da ta gudo, da inda ta fake yanzu? In ta faɗa hannun wanda ya kore ta, ai an nuna masa ƙofar ɗakinta ke nan. Kuma mai jin yunwa ba ta da bakin cewa a'a. Duk abin da aka tambaye ta za ta faɗa, don buhu na gabanta.

Ban ce a koma littafi da fensir ba. Na'ura ta rage cuwa-cuwa, ta hana mutum ɗaya karɓar rabo uku, wannan gaskiya ne. Amma a ganina ƙungiyoyin agaji su rage tambaya. Abin da ba ya da amfani wajen auna masara, kada a rubuta shi. Kowane wurin rabo ya ajiye sunaye a takarda da makulli, don ran da na'ura ta mutu a ci gaba da rabo. Ƙasashen da ke ba da kuɗin hatsi kuma su ware na masu gadin kwamfuta, yadda ake biyan mai gadin sito ba a ce an yi asara ba.

Mu kuma da Allah Ya ba mu ɗan ilmi, mu faɗa wa 'yan'uwa kada su ba kowa lambar sirrin katinsu, ko da ya bugo waya ya ce daga ofis yake. In an zo ɗaukar suna, ɗaya daga cikinmu ta tsaya ta yi tambaya da ladabi: Malam, wa zai ga wannan, kuma yaushe za a share shi?